Yadda Ake Gina Manhaja Daga Tushe Har Ta Fara Aiki

Manhaja, ta waya ce ko ta kwamfuta, hanya guda take bi kafin ta isa hannun mai amfani da ita: a gano abin da ake so ta yi, a tsara fasalinta, a rubuta kod, wato umarnin da na'ura ke bi, a gwada, a ɗora ta a wurin aiki, sannan a ci gaba da kula da ita. Sabon shiga yakan ɗauka rubuta kod shi ne aikin, sauran duk cikon benci ne. Amma da yawa daga manhajojin da ke lalacewa, tun a matakai biyun farko aka shuka lalacewar, kafin a rubuta ko layi ɗaya. Don maganar ta zauna, za mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe: kantin magani mai ma'aikata uku, wanda mai shi ke son daina rubuta ciniki a littafi.

Gano abin da ake so

Kada ka tsaya ga abin da mai kanti ya faɗa maka a zaune. Zai ce, "Ina son in riƙa sanin abin da ya shigo da abin da ya fita." Gaskiya ya faɗa, sai dai wannan jimlar ba ta isa a ɗora gini a kanta ba. Je kantin ka wuni, kwana biyu ko uku, har da bayan magariba lokacin da jama'a ke cika. Ɗauki hoton littafin ciniki, da na bashi, da rasit ɗin da dillalai ke kawowa tare da kaya. Tsaya bayan yaron kanti ka ga yadda yake sallamar mutum.

A nan za ka ga abubuwan da ba wanda zai tuna ya gaya maka. Magani a kwali yake shigowa, kwali na ɗauke da fakiti, fakiti na ɗauke da kati, kati na ɗauke da ƙwaya. Mai saye kuwa, wani fakiti yake so, wani kati ɗaya, wani ƙwaya biyu kacal. Magani iri ɗaya yakan shigo sau biyu, kowanne da farashin sarinsa da ranar lalacewarsa. Wani ya biya rabi hannu, rabi ta taransifa, alat bai shigo ba sai bayan awa guda. Wani a rubuta masa bashi sai ƙarshen wata. Wani ya dawo da abin da ya saya jiya. Duk wanda ya kuɓuce maka daga cikin waɗannan, zai dawo maka bayan ka gama, lokacin da gyaransa ke nufin rushe rabin ginin. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sai ka rubuta buƙatun ɗaya bayan ɗaya, kowace ta yadda za a iya gwada ta a ce ta cika ko ba ta cika ba. "Ta kasance mai sauri" ba ta gwaduwa. Ka rubuta: "Idan aka buga haruffa uku na farkon sunan magani, jerin ya fito cikin daƙiƙa ɗaya, ko da akwai magani iri 5,000 a ciki." Ko kuma: "Kowace safiya ta nuna maganin da saura kwana 90 ya lalace." Ko: "Yaron kanti yana iya sayarwa, amma ba ya iya sauya farashi ko soke ciniki sai da izinin mai kanti."

Akwai tambayoyin da ba su shafi ciniki ba amma su ke yanke hukunci kan duk tsarin. Wace na'ura ce a kantin, tsohuwar kwamfuta ko wayar Android mai ƙaramar ma'adana? Awa nawa ake samun wuta? Idan sabis ya ɗauke, ciniki zai tsaya ne? In amsar ita ce ba zai tsaya ba, to dole manhajar ta iya aiki ba intanet, ta ajiye bayani a na'urar, ta tura daga baya. Wannan shawara ce ta ranar farko, da wuya a liƙa ta bayan an gama.

Kasa buƙatun gida uku: na dole, na so, da na gaba. Sigar farko ta ɗauki na dole kawai. A sa hannu a takarda kan wannan jeri, da kuɗin aiki, da yadda za a biya shi kashi-kashi, da wanda ya mallaki kod ɗin, da kuɗin kulawa bayan miƙawa. In za a ajiye sunayen abokan ciniki da lambobinsu da irin maganin da suka saya, ka sani a Najeriya akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023, kuma bayanin lafiya yana cikin waɗanda ta fi tsanantawa a kansu. Abin da ba a buƙata, kada a tara shi.

Tsara fasali

Fara da rumbun bayanai, wato inda manhaja ke ajiye duk abin da aka shigar, domin shi ne harsashin ginin. Fuskar manhaja ana iya sake mata fenti cikin mako guda, amma rumbun da aka tsara ba daidai ba, bayan ya cika da cinikin shekara biyu, gyaransa sai an sha wuya.

Rumbu tebur-tebur ake kasa shi, kowane tebur jeri ne mai layuka da gurabe. Ga kantinmu, ana buƙatar tebur na magani, mai suna da ƙarfi da lambar NAFDAC; tebur na rukunin kaya, inda kowace shigowa ke da lambar rukuninta da ranar lalacewa da farashin sari da adadi; tebur na ciniki; tebur na layukan da ke cikin kowane ciniki; sai na abokan ciniki, na biyan bashi, da na ma'aikata. Raba magani da rukunin kaya shi ne abin da zai ba ka damar fitar da wanda ya fi kusa da lalacewa tukuna. In ka cusa ranar lalacewa a teburin magani, sabon kaya na shigowa zai shafe ranar tsohon, tsohon kuma yana nan kan kanta.

Adadi a ajiye shi da ƙaramin ma'aunin da ake sayarwa. A ce kwali fakiti 20 ne, fakiti kati 10, kati ƙwaya 10: rumbu ya rubuta 2,000, manhaja kuma ta riƙa juya shi zuwa fakiti ko kati wajen nunawa. Idan wani sashe yana lissafi da kati, wani da ƙwaya, lissafin kaya ba zai taɓa daidaita ba. Irin wannan saɓanin ma'auni ne ya salwantar da kumbon Mars Climate Orbiter na hukumar NASA a 1999: wata manhaja tana ba da alkaluma da ma'aunin fam, mai karɓa kuma tana karanta su da ma'aunin niyuton.

Kuɗi kuma kada a ajiye shi da lamba mai ɗigo. Buɗe Python, ɗaya daga harsunan rubuta kod, ka buga 0.1 + 0.2, za ta ba ka 0.30000000000000004, saboda kwamfuta da tsarin sifiri da ɗaya take lissafi, kuma 0.1 ba ya zama cif a wannan tsarin. Ɓurɓushin nan yana taruwa har ya fito a rahoton wata. Ajiye kuɗi da kwabo a matsayin cikakkiyar lamba: naira 1,250.50 ta zama 125050. Mai aiki da sefa a Maraɗi ko Damagaram ya ajiye faran ɗinsa cikakke, ba ruwansa da ɗigo.

Farashin da aka sayar a kwafe shi cikin layin cinikin. In layin yana leƙa teburin magani ne don ya san farashi, ranar da aka ƙara kuɗin magani duk tsofaffin rasit za su sauya, ribar bara ma ta sauya. Lambar waya a ajiye ta a matsayin rubutu, don in ka mai da ita lamba, sifirin farko zai faɗi, lambobi 11 na Najeriya su koma 10. Ga kuma alamar tarawa da ke gaban 234 ko 227. Kwanan wata a rubuta shi shekara, wata, rana, kamar 2025-03-04, domin 04/03 a wurinmu huɗu ga Maris ne, a wurin Ba'amurke kuwa uku ga Afrilu. Rumbu da fayiloli duk su kasance kan UTF-8, tsarin ajiye rubutu da ya san haruffanmu, in ba haka ba ƙ da ɗ da ɓ za su koma alamar tambaya. Mai amfani da manhajar rumbu ta MySQL ya zaɓi saitin utf8mb4. Sannan ka yanke shawara tun yanzu: wanda ya buga "Dahiru" a wurin bincike, ya kamata ya samo "Ɗahiru", don yawancin mutane ba sa buga ƙugiya.

Abu na ƙarshe a nan, wanda a ganina ya fi sauran: ciniki ba a share shi. In an yi kuskure, a rubuta sabon layi mai soke na farko, da sunan wanda ya soke da lokacin. Mai kanti ya sayi manhajar ne don ya san gaskiyar abin da ke faruwa bayan idonsa, maɓallin sharewa kuwa ƙofar ɓarna ce.

Bayan rumbu sai fuskoki. Zana su da biro a takarda, ka kai wa yaron kanti, ka ce ya nuna maka da yatsa yadda zai sayar da kati biyu na farasitamol. Ƙirga dannawar. In ta wuce biyar ko shida, ga layi ya taru, littafinsa zai koma.

Kayan aiki ba sa buƙatar doguwar muhawara. Kanti ɗaya, na'ura ɗaya: manhajar rumbu ta SQLite ta wadatar. Rassa da yawa masu haɗuwa a saba ɗaya, wato kwamfutar da ke riƙe da bayanansu duka: PostgreSQL ko MySQL. Wayar Android kaɗai: a rubuta kod da harshen Kotlin. Android da iPhone daga kod ɗaya: Flutter. Zaɓi harshen da ka iya, wanda kuma za a samu wani ya ci gaba da shi in ba ka nan.

Jera aikin da rubuta kod

Tsohon salo shi ne a gama mataki ɗaya kakaf sannan a shiga na gaba. Winston Royce, wanda ya zana wannan tsari a 1970, shi da kansa ya yi gargaɗin haɗarinsa, tunda gwaji sai can ƙarshe yake zuwa. Salon Agile, wanda masana 17 suka fitar da ƙa'idojinsa a jihar Utah ta Amurka a 2001, yana yanka aiki zango-zango, sau da yawa mako bibbiyu, kowane zango a fito da abin da ke aiki a nuna wa mai shi. Ga kantinmu: zangon farko shigar da kaya, na biyu sayarwa da rasit, na uku bashi, na huɗu rahotanni. Mai kanti na ganin abu a gabansa zai tuna abin da ya manta, gani ya kori ji.

Tun kafin layin farko ka buɗe ma'ajiyar Git, kayan aikin da ke adana tarihin kowane sauyi a kod, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005. Duk ƙaramin aikin da ka kammala ka adana shi da bayani mai ma'ana, kamar "hana sayar da maganin da ya lalace". Sabon aiki a yi shi a reshe, wato kwafin kod na gefe, sai ya yi kyau a haɗe. Tura kwafi zuwa shafin intanet mai ajiye kod, GitHub ko GitLab, kullum. Kalmar sirrin rumbu da makullan biyan kuɗi kada su shiga Git, don ko ka goge su daga baya suna nan cikin tarihi. Wanda ya riga ya shiga, sauya shi kawai za ka yi.

Raba kod gida-gida: fuska daban, ƙa'idojin ciniki daban, magana da rumbu daban. Lissafin ragi ya zauna wuri ɗaya tak. In ka kwafe shi wuri uku, ranar gyara za ka gyara biyu ka manta ɗaya.

Ciniki ɗaya aiki uku ne a rumbu: a rubuta cinikin, a rage kaya, a ƙara bashi in akwai. In aka ɗauke wuta bayan na farko, an sayar ke nan amma kaya bai ragu ba. Maganinsa a ɗaure ukun a ƙulli ɗaya, abin da ake kira taransakshan: ko duk su shiga, ko duk su fasa. Sa wa rumbu sharaɗi kuma cewa adadi ba ya sauka ƙasa da sifiri, domin ma'aikata biyu na iya danna sayar da katin ƙarshe a daƙiƙa guda.

Duk abin da mutum ya buga, kada a manna shi kai tsaye cikin umarnin SQL, harshen da ake magana da rumbu da shi. Wanda ya buga ' OR '1'='1 a gurbin kalmar sirri yana iya shigewa ba tare da ya san kalmar ba. Kowane harshe yana da hanyar miƙa umarni daban, bayani daban; ita za a bi ko'ina, don sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kalmomin sirrin ma'aikata a niƙa su da bcrypt ko Argon2 kafin a ajiye, ta yadda ko kai da ka gina manhajar ba ka iya karanta su. Kowane ma'aikaci da nasa asusun.

In kuna da yawa, kada kod ya shiga babban reshe sai wani ya karanta shi. In kai kaɗai ne, bari ya kwana ka karanta da safe.

Gwaji

Gwaji na farko na ƙananan sassa ne, kuma kod ake rubutawa ya yi shi: a ba aikin juya ma'auni fakiti 3, a tabbatar ya dawo da ƙwaya 300. Irin waɗannan suna gudana cikin daƙiƙoƙi, sai a riƙa kunna su bayan kowane gyara, su kama abin da sabon gyara ya karya. Na biyu shi ne bin hanya daga farko zuwa ƙarshe: a shigar da kaya, a sayar, a dawo da rabi, a duba ko rahoton yamma ya yi daidai da lissafin hannu.

Kurakurai a bakin iyaka suke taruwa, don haka can za ka fi matsawa. Adadi sifiri. Adadi mai alamar ragi. Maganin da yau ce ranar lalacewarsa. Ranar 29 ga Fabrairu. Cinikin ƙarfe 12:30 na dare, wanda saba mai agogon duniya na UTC da kanti mai agogon Najeriya, da ke gaba da awa ɗaya, za su iya saɓawa kan ranarsa da zarar dare ya raba. Suna mai alamar ɗauri kamar Sa'adatu, wanda ke karya umarnin da aka manna da hannu. Danna maɓallin biya sau biyu a jere saboda sabis na jan ƙafa. Lambar da ta fi ƙarfin gurbinta: rokar Ariane 5 ta tarwatse ranar 4 ga Yuni 1996, kimanin daƙiƙa 40 da tashinta, saboda an tura wata lamba cikin gurbin da bai wuce 32,767 ba, a kod ɗin da aka gado daga Ariane 4 ba tare da an gwada shi da saurin sabuwar rokar ba. Kod ɗin da ka ɗauko daga tsohon aikinka ma gwaji yake so.

Yi gwajin a kan ainihin na'urar kantin, da bayanai masu yawan gaske. Manhajar da ke gudu da magani 20 a kwamfutarka tana iya rarrafe da 5,000 a tsohuwar waya, galibi don ba a sa fihirisa, wato jerin da ke hanzarta wa rumbu nema, a gurbin da ake bincike ba. Zare wayar wuta ana tsakar ciniki ka ga abin da zai faru. Firintar rasit ma a gwada ta da wuri: mai takardar milimita 58 haruffa 32 take ɗauka a layi, dogon sunan magani zai karye ya ture farashi zuwa ƙasa, kuma da yawansu ba su san alamar ₦ ko haruffa masu ƙugiya ba, sai dai a aika rasit ɗin a matsayin hoto ko a rubuta N.

Duk kuskuren da aka samu a rubuta abu huɗu: abin da aka danna bi da bi, abin da ake tsammani, abin da ya faru, da sigar manhajar. Kafin ka gyara, rubuta gwajin da ke fallasa kuskuren, don kada ya sake dawowa a ɓoye. Daga ƙarshe mai kanti ya zauna da takardar buƙatun nan, ya bi ta layi-layi, ya sa hannu.

Ɗorawa

A rufe kanti rabin yini a ƙirga kaya da hannu, rukuni-rukuni, da ranakun lalacewa, a shigar da tsofaffin basussuka. In alkaluman farawa ba daidai ba ne, manhajar za a ɗora wa laifi. Mako biyun farko a haɗa littafi da manhaja, kowace yamma a kwatanta. Koyar da ma'aikata a kan kanta, su ke dannawa kai kana kallo, ka bar musu takarda shafi ɗaya manne a bango.

In ta Google Play za ta bi, rajistar mai manhaja dala 25 ce sau ɗaya. Ta Apple dala 99 ce duk shekara. Makullin sa hannu na manhajarka, wanda ke tabbatar da cewa daga gare ka ta fito, ka adana shi da kyau. Ba wa kowace siga lamba mai gida uku, kamar 1.4.2: na ƙarshe don gyaran kuskure, na tsakiya don sabon abu, na farko don babban sauyi.

Matakan ɗorawa a rubuta su, in da hali kod ya riƙa yin su, kuma kowace na'ura ta samu siga ɗaya. Kamfanin Knight Capital na Amurka ya yi asarar kusan dala miliyan 440 cikin minti 45 ranar 1 ga Agusta 2012, don an ɗora sabon kod a saba bakwai aka tsallake ta takwas. Kafin kowace sabuntawa ɗauki kwafin rumbu, ka tanadi hanyar komawa tsohuwar siga, kuma kada ka sabunta da yammacin da za ka yi tafiya.

Kulawa

Manhaja na fara aiki buƙatu za su fara zuwa: a ƙara reshe na biyu, a haɗa da POS, a tura wa masu bashi saƙon tunatarwa. Kowace sabuwar buƙata ta sake bin hanyar daga farko, a rubuta, a kiyasta kuɗi da lokaci, a tsara, a gwada. Wadda aka karɓa ta waya aka cusa cikin dare, ita ke karya abin da ke aiki. Ɗakunan kod na wasu da ka jingina da su, wato kod ɗin da wasu suka riga suka rubuta ka ɗauko, duba su duk wata biyu ko uku, domin ana gano ramukan tsaro a cikinsu. Manhajar kuma ta riƙa rubuta kurakuranta a fayil, da lokaci da wurin da abin ya faru, ban da kalmar sirri ko bayanin mara lafiya.

Kwafin ajiya ya zama uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wajen kantin: rumbun da ke aiki, filash a aljihun mai kanti, da kwafi a intanet da ke tafiya da kansa kowane dare. Sau ɗaya a wata, ɗauko kwafin jiya ka buɗe shi a wata kwamfuta daban, ka duba ko cinikin ƙarshe na daren jiya yana ciki, ka kuma rubuta minti nawa dawo da shi ya ci. Takardar da ke bayanin yadda ake wannan dawowar, da inda kod yake, da asusun da ke riƙe da saba, a buga ta kwafi biyu, ɗaya wurinka, ɗaya wurin mai kanti.